Sau Uku a Rana, Bayan Abinci

Cikin Ƙarama yana wata huɗu aka fara yi mata magani da murfin tukunya.

Daga asibiti abin ya samo asali. Ranar awo mijinta, mai faci, ya raka ta, don an ce lallai sai da miji. Suna zaune a benci wata ma'aikaciya ta saki farantin ƙarfe a ƙasa. Kafin farantin ya gama kaɗawa Ƙarama tana ƙarƙashin benci, hannu biyu a ka, jiki na ɓari. Mata suka zuba mata ido. Mai faci ya juya fuska bango kamar ba tare suka zo ba.

Nas ɗin awo, wata dattijuwa mai gilashi, ta ja ta ciki, ta tura ƙofa a hankali. Ta tambaya, Ƙarama ta faɗa a taƙaice. Bara ne, a gidan burodin da take aiki, tukunyar gas ta fashe. Ita tana wajen kwaɓi, ƙawarta tana bakin tanda. Ita ta fito da ƙafarta. Ƙawar an fito da ita a lulluɓe da buhunan fulawa. Tun daga ranar, ko cokali ne ya faɗi sai ƙaurin ya dawo mata hanci.

Nas ta sa aka kira mijin.

"Malam, zauna. Matarka ba sangarta take yi ba, ba kuma iska ba ce. Firgici irin wannan yana barin alama a jiki. Ba a fata ba, can cikin ƙwayoyin halitta. Ba ya goge abin da ke rubuce, sai dai ya kunna wani wuri ya kashe wani, kamar makunnin lantarki. Masu bincike suna zaton har ɗan da ke ciki yana iya samun rabonsa, ko da yake ba su gama tabbatarwa ba. Abu biyu nake so da kai. A bar ta ta samu natsuwa. Sannan ka kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ga takarda."

Cikin duk maganar nan abu biyu mai faci ya tsinta ya kawo gida: makunni, da ɗan da ke ciki.

Gidan nasu shagon faci ne a gaba, da injin iska da tarin tsofaffin tayoyi, ɗakuna uku a baya. Ɗaya na Inna, uwar mijin. Ɗaya nasu. Na ukun na wan mijin ne, mai kantin magani a bakin titi. Shekara biyu ya yi yana share ofishin wani likita, daga nan ya ɗinka farar riga. Unguwa na ce masa Dokta, shi kuwa bai taɓa hana kowa ba.

A ɗakin Inna aka zauna. Ƙarama tana bakin ƙofa, kan tabarma, inda ake ajiye takalma. Dokta ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama kamar mai duba hoton ƙashi.

"Likitan ƙwaƙwalwa. Kun dai san su wa ake kaiwa can."

"Ba daga gidan nan ba," in ji Inna. "Gobe a ce jikana ɗan mahaukaciya ne."

"To ya za a yi, Yaya? Ta ce yaron zai iya ɗauka."

"Me ta ce daidai? Maimaita."

"Ta ce kamar makunni ne."

Dokta ya yi murmushin wanda aka kawo wa tambayar da ya daɗe yana jira. Ya miƙe, ya je jikin bango, ya danna makunni. Ƙwan lantarki ya kama. Ya sake dannawa, ya mutu.

"Da me na kunna?"

"Da yatsa."

"Da me na kashe?"

"Da yatsa."

"Shi ke nan. Ƙara ce ta kunna, ƙara ce za ta kashe. Wannan ne ilimin, sauran duk cika takarda ne."

"Allah ya yi maka albarka," Inna ta ce. "Karatunka bai tafi a banza ba."

Ya juya takardar asibitin, ya yi rubutu a bayanta da irin rubutun da ba ya karantuwa, don a cewarsa haka likitoci suke yi. Safe, rana, yamma. Bayan abinci. Sharaɗi ɗaya: kada ta san lokacin, don in ta sani maganin ba zai kama ba.

Ƙarama ta ɗaga kai. "Yaya, ai cewa ta yi a bar ni in samu natsuwa."

"Natsuwar muke nemo miki, ƙanwata. Ko allura ai da zafi take shiga."

Washegari da safe ta gama shan shayi, ta sunkuya tana ɗauraye kofi. Inna ta lallaɓo ta baya ba takalmi, da murfin babbar tukunya da ludayin ƙarfe. Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ranar ba a ji ko numfashinta ba. Ta buga.

Da Ƙarama ta dawo hayyacinta tana bayan randa, kofin a fashe, bakinta cike da ɗanɗanon hayaƙi. Inna na tsaye kanta tana dubawa kamar mai duba ko wanki ya fita.

"Ɗaya ke nan," ta ce. "Tashi, 'yar nan, ba abin da ya ci ki."

Na rana aikin Dokta ne. Yakan rufe kanti ya shigo cin abinci, ya yi sallama da fara'a, ya tambaye ta jiki, sannan in ta juya ya maka ƙofar ƙarfe da duk ƙarfinsa. Na yamma na mijin ne. Yana da sandar ƙarfen da yake ɓalle taya da ita, yakan sake ta kan siminti daga tsayin kafaɗa.

A mako guda gidan ya ƙware. Ba su taɓa haɗa kai kan wani aiki kamar wannan ba. Rufin banɗaki ya shekara yana yoyo ba wanda ya hau, amma ba a taɓa tsallake magani ko sau ɗaya ba. In Dokta zai yi tafiya sai ya bar wa Inna sallahu. Suka daina kiranta da sunan da ta zo da shi daga gidansu. Zabura, kawo ruwa. Zabura, an gama? Har masu kawo faci suka ɗauka sunanta ke nan.

Ita kuwa ta fara lissafi irin na wanda ake farauta. Tunda bayan abinci ake yi, sai ta rage ci. Ta ce zuciyarta ke tashi. Dokta ya ce ba matsala, irin wannan maganin ana iya sha ko ba a ci komai ba. Ta koma zama da baya a jikin bango, tana shara da baya a bango, tana girki a karkace, ido ɗaya a tukunya ɗaya a ƙofa. Inna ta ce wannan rashin haɗin kai ne, mara lafiya ba ya wa mai magani wayo. Barci ya ƙaurace mata. In ta rufe ido sai ta ji kamar wani yana tsaye da wani abu a ɗage.

Duk sanda aka buga, abin da ke cikinta yakan dunƙule, ya yi tauri kamar dutse, sai can ya saki. Wannan ya fi ƙarar tsorata ta. Takan dafe wurin ta ƙirga har ya motsa.

Wata yamma, sandar ta faɗi Ƙarama na ɗauke da tukunyar shinkafa. Ta ji ɗumi yana bin ƙafarta. Ba ruwan zafi ba ne, fitsari ne. Mijin ya kalli ƙasa, ya kalle ta, ya kawar da kai.

A ɗaki ta durƙusa gabansa.

"Don girman Allah ka ce su bari. Ni na yarda, zan daure da kaina. Yaron nan yana jin abin nan. Ina jin sa yana ƙanƙamewa."

"To ai shi ake so ya ji. Ya saba tun daga ciki."

"Ba sabawa yake ba."

"Ke kike ciki ko shi?" Ya cire rigar aiki ya rataya. "Kin ɗauka daɗi nake ji? Ina da aiki a gabana, nake barin mutane a tsaye in zo in yi miki. Wani mijin ko kallonki ba zai yi ba. Ni ba zan haifi ɗan da za a tayar da babur ya shige ƙarƙashin gado ba. A shagon nan zai tashi."

Ta kai ƙara wajen Dokta. Ya saurare ta da kai a karkace, har da gyaɗawa.

"Jikin ya ƙaru ko?"

"Ya ƙaru, Yaya."

"Madalla. Ciwo ne yake fitowa. Ba ki ga zazzaɓi ba, sai ya hau sannan ya sauka."

Wata ranar Asabar ta ce za ta gaida mahaifinta. Tsohon direba ne, yana zaune ƙofar gida da rediyo a cinya. Ta zauna a ƙasa, ta yi ta juya maganar a baki.

"Yana dukanki?"

"A'a, Baba."

"Yana hana ki abinci?"

"A'a."

"Uwarsa na zaginki?"

"Murfin tukunya suke buga mini."

Ya rage rediyo. "Suke buga miki a ka?"

"A'a. A bayana."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Da ya ga ba ta dariya sai ya gyara fuska, ya ce mutanen da suka tsaya suna nema mata lafiya ba a kawo ƙararsu. Ya ce shi ya shekara talatin da hon a kunne bai mutu ba. Ya ce ta gaida Inna. Ta koma kafin la'asar, ta tarar an ajiye mata na rana, aka haɗa mata da na yamma.

Daga nan ta koyi wani abu. In aka buga sai ta ƙame. Ta cije harshe, ta kafe ido wuri guda, ta bar abin ya bi ta ciki ya wuce ba tare da ta motsa ba. Gumi ya jiƙa mata baya, zuciya kamar za ta fasa ƙirji, amma a waje ba a ganin komai. Tunaninta in sun ga ta warke za su ƙyale ta.

Dokta ya tara gida ya yi bayani. Ya ce an samu ci gaba, amma jiki ya saba da wannan adadin, dole a ƙara ƙarfi. Ya ce haka ake yi da kowane magani.

Awon wata bakwai, nas ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta cire gilashi.

"Jininki ya hau sosai. Kin rame. Kin je wajen likitan da na ce?"

"Tana samun kulawa," mai faci ya amsa. "Akwai likita a gida."

"Ita na tambaya. 'Yata, me ke faruwa a gidan?"

Ƙarama ta buɗe baki. Mijin yana tsaye a bayanta, inda ba ta ganinsa, kuma ta daɗe da daina iya magana in akwai mutum a bayanta. Ta ce ba komai. Nas ta rubuta ƙwayoyi, ta ce hutu, ta ce shiru, ta maimaita shiru sau biyu tana kallon mijin. A hanya ya ce matar nan ta cika shisshigi. Dokta ya duba ƙwayoyin ya ce yana da irinsu, nasa ma sun fi.

Ƙarin ƙarfin mai faci ne ya ƙirƙiro shi, kuma ya yi alfahari da shi. Bangon banɗaki shi ne bangon bayan shago, akwai ɗan tagar iska a sama. Da hantsi, ranar Laraba, ya ji ta shiga da bokiti. Ya ɗauko tsohon tiyub na babbar mota, ya jona shi da injin iska, ya jingina shi ƙarƙashin tagar, ya ja da baya ya toshe kunnuwansa. Nasa kunnuwan ya san darajarsu.

Da tiyub ɗin ya fashe, har masu shago na ƙarshen layi sun fito suna tambaya ko lafiya.

Inna ce ta ga ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar banɗaki ya canza launi. Aka ɓalle ƙofar. Ƙarama na kwance a gefe, bokiti a kife, ba ta kuka, ido a buɗe, hannu biyu a ciki.

A mota Inna ta yi ta faɗa wa direba cewa yaran yanzu ba sa kallon gabansu, siminti da sabulu ai sai a hankali. A asibiti mai faci ya ce santsi ne. Dokta ya cire farar rigarsa tun a bakin ƙofa, ya ninke ta ya sa a jaka.

Mace aka ciro. Ba ta kai tsawon takalmin ubanta ba. Aka sa ta a kwalba, da robobi a hanci. Ta yi shawara, ta yi zazzaɓi, aka yi ta yi mata allurai masu ƙarfi. Mako biyar Ƙarama tana kan kujerar roba a gefen kwalbar. A nan, cikin kukan na'urori, ta yi barcin da ba ta yi ba tun wata huɗu, don ba mai lallaɓowa.

Ranar sallama wata ƙaramar likita ta sa wa jaririyar wani abu a kunne, ta duba na'ura, ta sake, ta sake. Ta ba Ƙarama kati.

"Na'urar ba ta ba mu amsar da muke so ba. Wani lokacin ruwa ne a kunnen, yakan wuce. Amma yaran da suka zo da wuri, suka sha irin wahalar nan, muna sa musu ido. Ki dawo da ita bayan mako biyu. Kada ki fasa."

A gida Dokta ya karanta katin ya ce na'urorin nan rabinsu a lalace suke, su dai a yi ta kai musu mutane. Mako biyu suka wuce. Mai faci ya ce aiki ya yi yawa, sai wani makon.

Yarinyar ba ta da rigima. Injin iska na ruri a bayan bango, tana barci. Ana dukan ƙarfen taya, tana barci. Inna ta ce ba ta taɓa ganin jinjira mai haƙuri irin wannan ba, jininsu ne. Ƙarama takan kai baki saitin kunnen ta kira ta a hankali, ta dama, ta hagu. In yarinyar ta ga fuskarta sai ta bi ta da ido. In ba ta gani ba, shiru.

An dakatar da maganin Ƙarama, saboda ɗinkin tiyata. Amma tambayar da aka fara abin dominta tana nan, kuma Dokta ba ya barin aiki rabi. Wata rana da azahar Ƙarama ta fito daga shanya, ta tarar da su ukun a ɗakinta. Yarinyar na kwance a tsakiyar gado, ido biyu, tana tsotsar hannu. Inna na bayan kanta da murfi da ludayi.

"Gwaji ne kawai," Dokta ya ce. "Mu ga ko ta ɗauko."

Kafin Ƙarama ta kai bakin gado Inna ta buga. Ƙarar ta cika ɗakin, ta bugi bango ta dawo. Ƙarama ta dafa ƙofa. Yarinyar ba ta ko ƙifta ba. Tana kallon hasken taga, tana tsotsar hannunta.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ba ta ɗauko ba."

Mai faci ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. "Yaya, wallahi ka iya. Dubi fa. Ko gezau."

"Ai na faɗa muku. Tun daga ciki muka kashe makunnin."

Ƙarama ta saki ƙofa. Ta tako, ta miƙa hannu, ta karɓe murfin da ludayin daga hannun Inna. Tsohuwar ta sakar mata don mamaki. Ta zagaya inda yarinyar ba za ta gan ta ba. Ta ɗaga ludayin. Ta buga.

Ƙaurin ya taso mata, tandar ta buɗe a gabanta, amma ba ta ɗauke ido daga fuskar 'yarta ba. Ta matsa kusa, ta sake bugawa. Ta koma ɗaya gefen, ta buga. A ranta roƙo take yi, Allah ya sa yarinyar nan ta firgita, ta tsala ihu, ta shiɗe da kuka, ko sau ɗaya. Yarinyar ta cire hannu daga baki, ta yi hamma.

"Ikon Allah," Inna ta ce, tana tafa hannu a hankali. "Ku duba. Ita ma ta warke. Da hannunta."

"Biyu ke nan," in ji Dokta.

Mai faci ya dafa kafaɗar matarsa. Rabon da ya taɓa ta haka tun kafin cikin. "Kin gani? Da kina ta kuka. Yanzu sai ki gode wa Yaya."

Ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu a gidan nan. Ba a hana ta abinci ba, ba a zage ta ba. Duk wanda ka tambaya a layin zai ce maka mutanen kirki ne, sun tsaya a kan matar ɗansu tsayin daka, safe da rana da yamma. In ka ce za ka kai ƙara, me za ka ɗauka ka tafi da shi? Murfin yana nan lafiyarsa ƙalau, da yamma ma da shi za a rufe shinkafa.

Ta ajiye shi a kan gado. Ta zame kafaɗarta daga hannun mijin, ta ɗauki yarinyar ta goya, ta ɗaga katifa ta zaro katin asibiti.

"Ina za ki da tsakar ranar nan?" Inna ta tambaya.

Ta sa takalmi ta fice. Ba wanda ya bi ta, don hira ta yi daɗi. Tana ratsa shago tana jin Dokta yana ba su labarin ɗan mai kayan gini, wanda motarsu ta kife da shi wata uku da suka wuce, har yau ba ya iya tsallaka titi. Uban ya zo kanti jiya neman shawara. Gobe za a fara masa.

A bakin titi wata babbar mota ta danna hon a daidai kanta. Ƙarama ta zabura har sai da ta dafe sandar lantarki. Ta tsaya a haka, tana sauraron bayanta, tana jira. Yarinyar ba ta motsa ba.